Haɗa bindigar gasar harbin nesa a Amurka: wane harsashi, wane bututu, wace ƙota?

Wannan bayani na wanda ke zaune a Amurka ne, ko wata ƙasa da doka ta yarda da wasan harbin nesa, yana son haɗa bindigarsa gunduwa-gunduwa don gasar Precision Rifle Series, wadda aka fi sani da PRS. An fara gasar a 2012, kuma salon ya bazu har aka yi gasar duniya ta farko a Bitche ta Faransa a 2022. Tun kafin a taɓa aljihu, a san matsayin doka. A Amurka, sashen da ke ɗauke da lambar rajista, wato uwar bindigar da sakata ke gudu a cikinta, shi ne bindiga a idon hukuma: idan sabuwa za a saya, sai ta hannun dillali mai lasisin tarayya, a cike fom 4473, a binciki tarihin mai saye. Mai bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi mallaka sai bisa wasu keɓantattun sharuɗɗa. Fitar da kayan daga ƙasar yana bukatar izini, kuma a Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta haramta riƙe bindiga ba lasisi. Kayan gasa ne, a filin gasa suke zama.

Yanayin gasar ne ke tsara abin da za a saya. Babbar gasa kwana biyu ake yi, zango kusan 20, harsashi kusan 200. A kowane zango ana ba mutum daƙiƙa 90 zuwa 120 ya harba kusan harsashi goma a farantan ƙarfe da ke tsakanin yadi 300 zuwa 1,200, kuma galibi ba a kwance ba. Bindigar tana ɗore a kan jakar yashi bisa shinge, ko dutse, ko tsani, ko tayar tarakta, maharbin yana tsugune ko a durƙushe. A rukunin da kowa ke iya shiga da abin da ya haɗa, faɗin harsashi ba ya wuce inci .30, gudunsa ba ya wuce ƙafa 3,200 a daƙiƙa.

Ma'aunin zaɓi

Na farko, kuma wanda sababbi suka fi rainawa, shi ne shuri. Ba zafin kafaɗa ake gudu ba. Idan bindiga ta yi tsalle daga kan jaka, farantin zai fice daga cikin madubin hangen nesa da ke kan bindigar, maharbi ba zai ga inda harsashinsa ya faɗi ba. Wanda bai ga kuskurensa ba, zai maimaita shi sau tara a jere, wanda ya ga ƙura ta tashi hagu da faranti kuwa harbi na biyu zai gyara. Rabin makin gasa a nan yake.

Na biyu juriyar iska: nawa iska ke karkatar da harsashi kafin ya isa. Na uku tsawon ran bututu, domin zafin albarushi yana cinye maƙogwaronsa, wato farkon tsagar da ke gaban ɗakin harsashi. Bututu kamar tayar mota yake, ana sa shi ne da sanin za a cire. Na huɗu samuwar harsashi: akwai na kamfani a kanti, ko dole sai ɗurin gida, wato mutum ya haɗa harsashinsa da kansa? Na biyar yadda harsashin ke hawowa daga gidansa idan ana jan sakata da sauri cikin ƙura. Sai kuɗi, wanda ba farashin ranar saye kaɗai ba ne, har da abin da kowane harbi ke ci.

Akwai abu ɗaya da ke rage fargabar kuskure. Harsasai biyar ɗin da za a kwatanta duk faɗin gindin kwansonsu ɗaya ne, inci .473, kuma duk suna shiga gajeriyar uwar bindiga. Wanda ya fara da ɗaya ya ga bai yi masa ba, bututu kawai zai canza.

6.5 Creedmoor

Hornady ne ya fito da shi a 2007, aikin Dave Emary da Dennis DeMille. Yana jefa kan harsashi mai nauyin giren 140 zuwa 147, wato kusan giram 9, a gudun kusan ƙafa 2,700. A yadi 1,000, iskar kilomita 16 a awa da ke bugowa daga gefe tana kawar da shi kusan inci 70. Bututu yakan kai harbi 2,500 zuwa 3,000. Ƙarfinsa na gaske yana kanti: Hornady, Federal, Berger, Lapua da sauransu duk suna yin harsashin gasa nasa, farashi yana yawo kusa da dala 2 kowanne, kuma ko a ƙaramin gari aka je gasa aka ga guzuri ya gaza, ana iya samu. Yana hawowa lafiya daga gidan harsashi samfurin AICS, wanda aka fi amfani da shi a irin waɗannan bindigogi. Kansa mai nauyi yana tayar da ƙura sosai idan ya kauce, yana kuma kaɗa faranti mai nisa yadda alƙali zai gani. Rauninsa shuri. A bindiga mai kilo 9 da birkin baki, wato ƙarfen da ake ɗaurawa a bakin bututu don rage shuri, ana iya riƙe shi, amma a kan shinge mai rawa, a yadi 350 inda harsashi ke isa kafin bindiga ta natsu, ganin inda ya faɗi yana wuya. Shi ya sa manyan 'yan gasa da yawa suka bar shi suka koma 6mm.

6mm Creedmoor

Kwanson 6.5 ne aka matse wuyansa. John Snow na mujallar Outdoor Life da George Gardner na GA Precision ne suka fara shi, Hornady ya mai da shi na kasuwa a 2017. Kai mai giren 105 zuwa 110, gudu kusan ƙafa 2,950 zuwa 3,050. Yana tafiya a miƙe, shurinsa bai kai na yayansa ba, akwai harsashin kamfani, ba ya sarƙewa. Kuɗin wannan gudu bututu ke biya: albarushi mai yawa yana bi ta ƙaramar kafa, maƙogwaro yakan gaji tsakanin harbi 1,500 zuwa 2,000. A yi lissafi. Bututun dala 800 da ya mutu a harbi 1,800 yana cin kusan santi 44 a kowane harbi, wanda ya kai 2,800 kuwa santi 29 ne. Mai harba 3,000 a shekara zai kusan sayen bututu biyu. Babban haɗarin ma shi ne mutuwar ba ta sallama: gudu ya fara sauyawa, harbi ɗaya cikin goma ya riƙa ficewa ba dalili, wataƙila a tsakiyar gasar da aka biya kuɗin jirgi dominta.

6 Dasher

Dan Dowling da Al Ashton ne suka ƙera shi a 1999 daga kwanson 6mm BR, suka tura kafaɗar gaba suka mai da ita digiri 40. Ɗan guntu ne mai ƙiba, albarushin da yake ci bai kai na 6mm Creedmoor ba da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma yana kai giren 105 gudun ƙafa 2,850 zuwa 2,950. Sunan da ya yi a kan daidaito ne: bambancin gudu tsakanin harbi da harbi kaɗan ne ƙwarai, kuma a yadi 1,000 wannan bambanci ne ke sa harsashi ya bi ta sama ko ta ƙasan faranti. Shuri kaɗan, ran bututu kusan 2,000 zuwa 2,500. Da albarushin Varget aka fi ɗura shi.

Wahalarsa biyu ce. Harsashin kamfani a kanti kusan babu, sai ɗurin gida. A da ma sai an harba kwanson 6mm BR na Lapua a cikin ɗakin Dasher ya buɗe ya ɗauki siffa, abin da ke cin kai da albarushi da ran bututu. Yanzu Alpha Munitions da Peterson suna sayar da kwanso shiryayye. Ta biyu, guntunsa ya sa yana zamewa gaba da baya a gidan harsashin da aka yi don tsawon .308, kaifin kafaɗarsa kuma yana sa hancinsa ya tokare a bakin ɗaki. Maganin shi ne gidan harsashi na musamman ko abin cike gurbi da ake sakawa a baya, tare da daidaita leɓɓan gidan. Wanda bai zauna ya yi wannan aiki ba, agogo zai cinye shi yana fama da sakata.

6GT

George Gardner da Tom Jacobs ne suka fito da shi a 2019, kuma manufarsu a fili take: daidaiton Dasher ba tare da ciwon kan gidan harsashi ba. Kwanson ya ɗan fi na Dasher tsawo, kafaɗa digiri 35, yana hawowa daga AICS na yau da kullum. Gudu kusan ƙafa 2,850 zuwa 3,000 da giren 105 zuwa 109, ran bututu kusa da na Dasher. Hornady yana yin kwanso da harsashin gasa nasa, sai dai ba kowane kanti ke ajiyewa ba, yawanci ta intanet ake oda, wasu jihohi kuma suna da ƙa'idoji a kan aiko harsashi gida. A ganina shi ne mafi dacewa da wanda zai fara da harsashin kamfani yana da niyyar koyon ɗuri nan gaba.

.308 Winchester

Tsohon hannu ne, tun 1952. Giren 175 a gudun kusan ƙafa 2,600, iskar nan ta kilomita 16 tana kawar da shi kusan inci 100 a yadi 1,000, shurinsa kuma ya fi na duk sauran. A rukunin kowa-da-kowa wahala kawai mutum zai sha. Yana da nasa rukuni tare da .223, inda aka ƙayyade wa .308 kai kada ya wuce giren 178, gudu kada ya wuce ƙafa 2,800, kowa yana fama da iska iri ɗaya. Bututunsa yana haura harbi 5,000.

| Harsashi | Nauyin kai, giren | Gudu, ƙafa a daƙiƙa | Ran bututu | Shuri | Na kamfani | Murɗin tsaga |
|---|---|---|---|---|---|---|
| 6.5 Creedmoor | 140–147 | kusan 2,700 | 2,500–3,000 | matsakaici | ko'ina | 1:8 |
| 6mm Creedmoor | 105–110 | 2,950–3,050 | 1,500–2,000 | kaɗan | akwai | 1:7.5 ko 1:8 |
| 6 Dasher | 105–109 | 2,850–2,950 | 2,000–2,500 | mafi ƙanƙanta | kusan babu | 1:7.5 |
| 6GT | 105–109 | 2,850–3,000 | 2,000–2,500 | kaɗan | sai an nema | 1:7.5 |
| .308 Winchester | 168–178 | 2,600–2,700 | sama da 5,000 | mai yawa | ko'ina | 1:10 |

Murɗin tsaga 1:8 yana nufin tsagar cikin bututu tana juya harsashi zagaye ɗaya a kowane inci 8. Alƙaluman ran bututu kiyasi ne. Mai harbi goma-goma a jere cikin rana ba ya barin ƙarfe ya huce zai ga ƙasa da haka.

Uwar bindiga

Ita ce za ta daɗe, bututu biyar ko goma za su wuce ta kanta. A zaɓi mai siffar gindin Remington 700, domin kusan duk kunama da ƙota da shasi (firam ɗin ƙarfe da ke maye gurbin ƙota) na kasuwa don wannan siffa ake yin su. Zermatt Origin tana wajen dala 900 zuwa 1,000. Impact Precision 737R, Lone Peak Fuzion, Terminus Zeus da na Defiance suna tsakanin kusan 1,300 zuwa 1,700. Daidaiton harbi ba zai bambanta sosai tsakaninsu ba. Abin da ƙarin kuɗin ke saya shi ne santsin sakata da juriyar ƙura.

Sakata mai haƙori biyu tana ɗaguwa digiri 90, mai haƙori uku digiri 60. Ta biyun ta fi gajeren zagaye kuma hannu ba ya gogar madubi, amma ɗaga ta ya fi nauyi, wannan nauyi kuma yana iya girgiza bindigar da ke zaune a kan jaka. A taɓa duka biyun a filin gasa kafin a saya. 'Yan wasan ba sa rowar wannan. Abu biyu kada a manta. A tabbatar ana ƙera uwar da ma'auni tsayayye yadda za a iya odar bututu shiryayye a ɗaura ba sai an aika ta wurin maƙeri ta yi makonni ba, kuma ko da hakan, a gwada da ma'aunin zurfin ɗaki guda biyu, wanda sakata ke rufuwa a kansa da wanda bai kamata ta rufu ba. Sannan a nemi siririyar allura, wato ƙarfen da ke bugun hular gindin harsashi ya tashi, kusan inci .062, domin kwanson Dasher da GT ƙaramar hula suke ɗauka a gindi, allura mai kauri takan huda ta.

Bututu

Bartlein, Krieger, Brux, Benchmark, Hawk Hill da Proof Research duk sun ci gasa. Gardamar wanda aka yanke tsagarsa da wanda aka matsa ba ta kai muhimmancin maƙerin da ya fafe ɗakin ba. Ɗanyen bututu yana wajen dala 350 zuwa 450, fafe ɗaki da yanka zare kusan haka, jimla 700 zuwa 900. Tsawo inci 26, ƙarfe mara tsatsa, kauri irin samfurin da ake kira MTU ko M24 ko ma miƙaƙƙen inci 1.25. Wanda aka naɗe da zaren kabon na mafarauci ne mai hawan dutse. A nan nauyi ake nema, biyan ƙarin kuɗi don a rage shi asara ce.

A faɗa wa maƙeri ainihin kan harsashin da za a riƙa harbawa, domin tsawon maƙogwaro da shi ake auna shi. Sabon bututu yakan ƙara gudu a harbi 100 zuwa 200 na farko, don haka lissafin nisa da aka ɗauka a harbi na 20 zai yi ƙarya a na 150. A sake auna gudu kafin gasa. Baƙin kabon kuma yana taruwa kamar zobe a ƙarshen ɗaki. Alamarsa sakata ta fara nauyin buɗewa, gudu ya haura ba a canza komai ba. A tsaya a wanke, matsi ne ke hawa.

Shasi ko ƙota

Shasin alminiyam, irin MDT ACC Elite ko MPA Matrix, yana tsakanin dala 1,200 zuwa 1,800. Ana ɗaura uwar bindiga kai tsaye, ana daidaita tsawo da tudun kunci ba tare da kayan aiki masu yawa ba, akwai layin ARCA a ƙasa, inda ake maƙala ƙafafu da sauran kaya, da wuraren liƙa ƙarafan nauyi. Ƙotar Foundation, wadda ake sassaƙawa daga mikarta, wato yadi ko takarda da aka matse da ƙaro suka yi tauri, farashinta yana nan kusa in an haɗa da ƙarfen gidan harsashi. Masu son ta suna cewa tana shanye girgizar harbi, ba ta ƙara kamar ƙarfe, ba ta kuma ƙona hannu a ranar Texas ko daskarar da shi a hunturu. Daidaitawarta ba ta kai ta shasi ba. Mai ƙaramin ƙarfi ya duba KRG Bravo, wajen dala 400 zuwa 500, ya ƙara nauyi daga baya.

Kowanne aka ɗauka, abin nema shi ne bindiga mai kilo 8 zuwa 11 wadda za ta zauna da kanta a kan jaka, ma'aunin nauyinta yana kusan inci huɗu gaban gidan harsashi. Idan gindi ya fi nauyi, maharbi zai riƙa danne ta da tsoka, tsoka kuma rawa take. Kusoshin da ke riƙe uwar a shasi galibi ana ɗaure su a inci-fam 65, da maɗauri mai auna ƙarfi. Wanda ya kwance a hanya shi ne sanadin yawancin saitin da ke gudu ba a san dalili ba.

Kunama, birki, madubi

TriggerTech Diamond da Bix'n Andy su ne aka fi gani, wajen dala 300. Nauyin jan Diamond yana sauka har oza 4, amma sabon ɗan wasa ya tsaya kusa da oza 16. Harbin da ya kuɓuce ba niyya yana jawo kora daga gasar gaba ɗaya, kuma da yatsa mai sanyi ko numfashi sama-sama hakan ba wuya. Birkin baki irin Area 419 Hellfire ko APA yana wajen dala 150 zuwa 200, yana rage shuri sosai, yana kuma ƙara ƙara, don haka toshiyar kunne biyu ake sawa, ta ciki da ta waje.

Madubi bai kamata ya zama inda za a tsuke ba. A nemi wanda zanen ma'auninsa ke girma tare da hoto, yadda lissafi ba ya canzawa a kowane girma, kuma mai ma'aunin milrad, domin da shi kusan kowa ke magana a fili: milrad ɗaya santimita 10 ne a mita 100. Girma 5-25 ya isa, yawancin zanguna tsakanin 12 da 18 ake harbinsu don a ga fili. Leupold Mark 5HD, Vortex Razor Gen III, Nightforce ATACR da Kahles K525i suna tsakanin dala 2,000 zuwa 3,600, Zero Compromise da Tangent Theta sun haura haka. Na ƙasa da dala 1,000 irin Bushnell Match Pro suna iya kai mutum shekarar farko. Abin gwadawa shi ne ko murɗa milrad 10 yana ɗaga harbi milrad 10 cif, ya kuma dawo sifili daidai. Madubin da ke kuskure da kashi biyu cikin ɗari zai sa a zargi harsashi da bututu alhali laifin nasa ne.

Wa ya dace da me

Wanda bai taɓa shiga gasa ba, ba ya ɗuri, ba ya kuma da niyyar sayen kayan ɗurin da na kirkinsu ke kaiwa dala 1,000: 6.5 Creedmoor a kan Origin da KRG Bravo, ragowar kuɗin ya tafi madubi da harsashin atisaye. Bindigar ba madubi za ta tsaya wajen dala 2,500 zuwa 3,000. Idan bututun ya ƙare ya riga ya san abin da yake so.

Wanda ba ya ɗuri amma shuri ne ke hana shi ganin harbinsa, kuma gasarsa ba ta wuce biyar ko shida a shekara: 6mm Creedmoor, da bututun ajiya a gida tun harbi na 1,200.

Wanda ke ɗuri, yana da ma'aunin albarushi mai kyau da haƙurin gyaran gidan harsashi, yana neman shiga sahun gaba: 6 Dasher a kan Impact ko Lone Peak, cikin shasi mai nauyi ko Foundation, abin da zai kai dala 4,500 zuwa 5,000 kafin madubi. Wanda ke son kusan wannan sakamako ba tare da wasa da leɓɓan gidan harsashi ba, ko yake son ya iya sayen na kamfani ranar da lokaci ya ƙure: 6GT.

Wanda burinsa koyon karatun iska ne da harbi mai yawa a bututu ɗaya: .308 a rukuninsa. Wanda kuma filin da ke kusa da shi bai wuce yadi 100 ko 200 ba, ya fara da .22 LR irin CZ 457 ko Bergara B14R a NRL22, gasar ƙananan bindigogi masu wannan harsashi. B14R tana da siffar gindin Remington 700, don haka shasi da kunama da madubin da ya saya mata za su koma kan babbar bindigar idan lokacinta ya yi.